Kaset huɗu da Kawu ya fara daga dama

Mun binne Kawu ranar Talata bayan La'asar a maƙabartar Al-Oud da ke Riyadh. Na Allah ne mu duka, Kawu ya riga mu komawa ne kawai.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a gidansa da ke Al-Shifa. Falon bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin matakala. Direbobi sun zo, magina sun zo, ɗalibai sun zo rukuni-rukuni da fararen rigunansu. Ɗan kafilinsa na farko, wato Balaraben da ya fara ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar nan, ya zo da furfura a gemu, ya riƙe hannun kowa yana cewa wannan mutumin ne ya kai shi makaranta tun yana kuka a kujerar baya. Ni aka ba butar gahawa, don haka na zagaya kowa, na kuma ji abin da kowa ya faɗa. Kusan kalma ɗaya ce: haƙuri. Ba ya faɗa. Ba ya ɗaga murya. Ba a taɓa jin ya ce wa mai gida a'a ba.

A rana ta biyu wani mai ɗaura tayil, mutumin Damagaram, ya kurɓi gahawa ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. Amma wallahi ranar da ya fara rage min hanya, na ce masa ya tsaya, injin motar nan zai kama wuta. Ya ce min ba inji ba ne, waƙa ce."

Dariya ta kuɓuce wa rabin ɗakin, sannan kowa ya shiga istigfari. Wani malami daga cikin manyan ɗalibai ya gyara murya ya ce a riƙa ambaton alherin mamaci.

Aminin Kawu, wani tsohon mai walda da muke kira Baba, yana zaune kusa da ƙofa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ai alherinsa ake ambata, Malam." Sannan ya dube ni. Na sunkuyar da kai na ci gaba da zuba gahawa a kofin da ya riga ya cika.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Na zo Riyadh karatun hadisi, na kammala, kuma duk tsawon shekarun nan gidansa ne gidana. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma ba zan ɓoye dalili na biyu ba. Shekara biyu kafin rasuwarsa na ɓata masa rai a kan wasu kaset na kiɗa da yake ji a motarsa, ban kuma nemi gafararsa ba har aka sa shi a ƙasa. Na tsaya a bakin kabarinsa ban san ko ya tafi da abin a ransa ba. Wanda ya zo neman fatawa kan kiɗa a nan, ya yi haƙuri, ba ita nake bayarwa ba, ban kuma isa ba. Labarin mutum nake bayarwa yadda na san shi, kuma mai yiwuwa ban san shi yadda nake zato ba.

Shi ya ɗauko ni daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid ranar da na sauka. Bai taɓa ganina ba sai a hoto, bai kuma riƙe takarda mai sunana ba. Tahowa kawai ya yi ya karɓi jakata. Da na tambaye shi yadda ya gane ni, ya ce, "Kowa yana kallon ƙofa, kai kana ta sake duba fasfo. Na ce wannan jinin ƙanwata ne." Daga baya na gano ba ni kaɗai ba ne. Duk ɗalibin da aka ce masa zai sauka, ko ya san iyayensa ko bai sani ba, zai je. A bayan motarsa akwai bargo da rigar sanyi, domin ya ce yaran nan ana ba su labarin zafin ƙasar Larabawa, ba wanda yake gaya musu sanyinta.

Tun daga ranar yake kirana Shehi. Ban da tabbacin ko girmamawa ce ko tsokana. Ina jin duka biyun ne.

Mutum ne mai tsari a komai, kuma tsarinsa daga dama yake farawa. Takalmi, yankan farce, gaisuwa a majalisa, duba tayar mota da safe, duk daga dama. Karatunsa na allo ne, boko ɗan abin da tuƙi ya koya masa ne. Inna, matarsa, takan ce ko dabino aka jera masa a faranti sai ya fara daga na hannun dama. Ina faɗin wannan ne saboda abin da zai biyo baya.

Kaset ɗin huɗu ne, cikin kwali ɗaya mai buɗaɗɗen gefe. Ya saye su a wani shago a Batha a shekarunsa na farko a garin nan, lokacin da bai da kowa sai Baba, suna kwana ɗaki ɗaya. Ya ce min shi kiɗan gida ya je nema, bai samu ba, sai mai shagon ya miƙo masa wannan kwalin da ya daɗe ba a saya ba. Kwafi ne, ba hoto, ba jerin waƙoƙi, sai sunan ƙungiyar da na kowane kaset da ƙananan baƙaƙen boko a gefe. Wasu Turawa ne masu kiɗan rok, amma ba irin wanda ake ji a bukukuwa ko a rediyo ba. Irin mutanen nan ne da kamar sun yi rantsuwa ba za su yi abin da kunne yake jira ba. Kawu bai damu da sunansu ba. "Mutanena" yake ce musu, kowane kaset kuma ya raɗa masa suna.

Na farko a lissafinsa shi ne Gareji. Wannan ne ya tsorata mutumin Damagaram. Ƙarfe ake bugawa a kan ƙarfe, gita tana kuka kamar zarto ya ci ƙusa, mai waƙar yana ihu ba kalma. Na biyu Kasuwa, inda muryoyi suke hawa kan juna, a sa wani sautin ya koma da baya, algaitar Turawa ta shigo ta fita ba sallama. Na uku Doguwar Hanya: gefe guda na kaset ɗin bugu ɗaya ne ake maimaitawa, yana ɗan sauyawa kaɗan-kaɗan yadda ba za ka lura ba sai ka yi nisa. Na huɗu Inuwa. Gita ɗaya a hankali, murya ƙasa-ƙasa, da shiru mai tsawo tsakanin sautuka.

A kan waɗannan huɗun ya gina bayani guda, kuma na ji shi ya fi sau ashirin. "Ka ga mutanen nan, Shehi, yara ne da suka fara da hauka. Gareji ƙuruciya ce, kowa yana so a ji shi. A Kasuwa sun shiga duniya, sun ruɗe. A Doguwar Hanya sun gane aiki maimaici ne, kamar tuƙi. Sai a Inuwa suka yi hankali. Suka gane ba sai ka cika wuri da ƙara ba." Yakan ɗaga yatsa daga kan sitiyari. "Haka ɗan Adam yake. Ni yanzu ina gefen farko na Inuwa."

Saboda su ya ƙi rabuwa da tsohuwar motarsa, don sababbin ba su da wurin kaset. 'Yarsa, wadda aka haifa a nan, Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa, ta sha cewa za ta zuba masa su a waya. Ya ce waya ba ta da gefe biyu, shi kuwa yana son ya kai hannu ya juya.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shi da Baba sukan shiga motar su zagaya bayan gari suna gardama. Baba ɗan Doguwar Hanya ne. Gareji kuwa ya tsane shi. "Ni da nake yini ina jin wannan a wurin aiki, sai kuma ranar hutu a kunna min? Ka biya ni ladan ƙarin aiki mana." Kawu ya ce masa kunnen mai walda ya riga ya ƙone. Baba ya ce direba ba abin da ya sani sai barci, shi ya sa yake son Inuwa. Sun fi shekara talatin a kan wannan, ba wanda ya matsa.

Ni kuwa idan na shiga motar aka kunna, sai in sa abin kunne in saurari darasi, ko in yi kamar ina bita. Bai taɓa tilasta min ba. Yakan rage murya ya ce, "A yi wa Shehi sassauci."

Ranar da abin ya faru, daga jami'a ya ɗauko ni, mako guda bayan na kare kundin kammala karatuna. Ina cikin jin kaina, ba zan musa ba. Shekaru na yi ana koya min cewa kafin ka yarda da magana ka san wa ya riga wa, wa ya ji daga wa. Inuwa yana ciki, Kawu ya fara bayanin nan nasa. Kwalin yana kusa da ƙafata. Na ɗauka, na kwafi sunayen da ke gefe a wayata na bincika. Ko minti biyar ban yi ba.

"Kawu, ina jin akwai ɗan kuskure a jerin nan."

"Wane jeri?"

"Inuwa shi ne albam ɗinsu na farko. Sai Doguwar Hanya, sai Kasuwa. Gareji ne na ƙarshe, daga shi suka watse."

Ya yi dariya. "Wayarka ce ta faɗa?"

Da na tsaya a nan, wataƙila da abin ya wuce a wasa. Ban tsaya ba. Na ɗaga kwalin na nuna masa. "Duba, Kawu, daidai aka jera su. Turawa daga hagu suke farawa. Kai ka fara daga dama."

Muna tsaye a danja. Ya dubi kwalin ya daɗe, har aka ba mu hannu na baya suka fara danna ham. Ya ja motar a hankali. Sai da muka yi nisa ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe da hankali suka fara." Ya kai hannu ya fitar da kaset ɗin, ya mayar cikin kwali, ya sa a aljihun mota ya rufe.

Na ce, "Ai wannan ba zai hana bayaninka zama mai ma'ana ba."

"Halas, shi ke nan, Shehi. Ka yi aikinka."

Ba mu sake magana ba har Al-Shifa.

Wanda bai san shi ba ba zai ga wani canji ba. Ya ci gaba da kirana cin abinci, ya ci gaba da tambayar lafiyar mahaifiyata. Da takardar zamana ta kusa ƙarewa, shi ya yi ta kai ni yana dawo da ni har aka sabunta. Amma bai sake kunna komai a gabana ba. Idan na shiga motar, shiru. Bai sake cewa yana gefen farko na Inuwa ba. Na lura kuma ya fara gajeren haƙuri. Ya bar aikin da ya daɗe yana yi bayan wata 'yar magana da mai gidansa, abin da ya ba kowa mamaki. Na ɗora wa kaina wannan ma, ko da yake ban da hujja.

Na yi niyyar ba shi haƙuri sau da yawa. Na tsara kalmomin. Sai in ce bari azumi ya zo, zuciya ta fi taushi. Azumi ya zo, na ce bari a yi Sallah. Wani lokacin in ce ai gaskiya na faɗa, neman gafara a kan gaskiya kamar ƙarya ce. Wani lokacin in ce tayar da maganar zai fama masa ciwo. Ina cikin wannan auna-aunar ya faɗi a bakin masallacin unguwa bayan sallar Azahar. Kafin in isa asibiti an rufe masa fuska.

Da aka tashi zaman makoki, Baba ya tsayar da ni a matakala.

"Juma'ar sama, bayan an sauko. Innarka za ta ba ka makullin motar. Ka zo ka ɗauke ni."

"Ina za mu, Baba?"

"Makaranta."

Na gane abin da yake nufi. Na kwashe kwanakin ina buɗe littattafai a kan hukuncin kiɗa, na tarar da abin da na riga na sani: masu hanawa suna da yawa kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce, akwai kuma waɗanda suka sassauta. Ban fita da wani sabon abu ba. Na dai yanke cewa idan laifi ne, a kaina yake, ba a kan Kawu ba.

Inna ta miƙo min makullin ba ta tambaye ni komai ba. Cewa kawai ta yi, "Kada ku bari rana ta bugi kwalin."

Muka fita bayan gari ta kudu, inda gine-gine suke ƙarewa, muka tsaya a gindin wata katanga. Lokacin sanyi ne, muka sauke gilashi. Baba ya buɗe aljihun mota.

"Daga hagu, ko? Yadda ka gyara."

"Baba, ni ban yi nufin..."

"Rufe baki ka buɗe kunne."

Ba ni da ilimin wannan abu, don haka a ɗauki abin da zan faɗa da sassauci. Inuwa, da na saurare shi a matsayin na farko, bai yi min kama da natsuwar tsufa ba. Ya fi kama da mutanen da suka shigo ɗakin baƙi suna tsoron taka tabarma. Shirun nan da ke tsakanin sautuka, ina jin jira ne, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. A Doguwar Hanya sun saba da juna. Bugun nan ɗaya ya gundure ni da farko, har na fara ƙirga motocin da ke wucewa, sai can na farga ashe ba bugun da aka fara da shi ba ne, an sauya shi a gabana ban gani ba. Baba yana kaɗa kai idonsa a rufe. Muka tsaya muka yi La'asar a kan tabarmar da ke bayan mota. Kasuwa ya fi ba ni wahala. Ya yi min kamar kowannensu yana ja nasa gefen, kuma watakila a nan ne suka fara saɓawa, ko da yake wannan zato ne kawai.

Kafin ya sa na huɗun, Baba ya riƙe shi a hannu.

"Ka san abin da ya yi bayan ranar nan? Wata uku muna fita Juma'a ba ya magana. Ya sa wannan, ya sa wancan, daga hagu, yadda ka ce. Ni ina zaune kamar an kai ni gaisuwar mutuwa. Rannan muna nan wurin, Gareji yana ciki, sai ya buga sitiyari ya ce, 'Yaron nan ya yi gaskiya. Ji hannun mai gangar nan. Hannun tsoho ne. Yaro ba ya iya ɓata kiɗa haka, sai wanda ya gama iya gyara shi.'"

Baba ya juya kaset ɗin a hannunsa.

"Ya ce shi duk zatonsa ihun ƙuruciya ne. Ashe mutane ne da suka yi shekaru suna magana ƙasa-ƙasa, suka ga lokaci zai ƙare ba su faɗi abin da ke cikinsu ba. Daga ranar ya bar Inuwa ya koma Gareji. Gareji fa! Shekara biyu ina shan azaba saboda kai."

"To me ya sa bai gaya min ba?"

"Na ce ya gaya maka. Ya ce a'a. Ya ce ba gyaran ne ya yi masa zafi ba. Ka gyara masa abin da ba ka taɓa saurara ba, ko na minti ɗaya. Ya ce duk ranar da Shehi ya ce 'Kawu, kunna min,' ranar zai ba ka labari. Duk shigarka motar nan jira yake."

Na tuna duk tafiyoyin nan na shiru, ina zaton fushi ne, ina tsara jawabi a raina, alhali kalma uku ake jira.

"Baba, ya yafe min?"

"Shi? Kafin ku kai gida ranar ya yafe. Da bakinsa ya gaya min." Ya tura kaset ɗin ciki. "Ni ne ban yafe ba."

Gareji ya cika motar. Na ji ƙarfen, na ji zarton, na ji ihun. Amma a ƙarƙashinsu akwai ganga da ba ta kuskure ko sau ɗaya, tana riƙe da kowa, duk inda suka watse ita suke dawowa su tarar. Mai ihun kuma muryarsa ta dushe, numfashinsa yana yankewa, ya tsaya ya ja iska ya sake. Na yi tunanin mutumin da ɗaki guda ya yi kwana uku yana yabon shirunsa, yana zaune a wannan kujerar yana jin wannan. Ba zan ce na san abin da ke ransa ba. A ƙarshen gefe na biyu ba a sassauta ba, ba a yi bankwana ba, yankewa kawai abin ya yi.

Rana ta yi ƙasa. Baba ya juyo.

"To, Shehi. Wanne ya fi?"

"Kowanne yana da inda ya yi fice, Baba. Idan aka duba ta fuskar..."

"Ban tambaye ka saɓanin malamai ba. Wanne?"

"Gareji."

Ya zuba min ido.

"Kai ma ba ka da kunne," ya ce. "Duk danginku haka kuke." Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Tun ranar jana'iza ban ga ya yi kuka ba sai lokacin. Na bar shi har ya gama. Ya share ido, ya fyace hanci, ya dafa gwiwata.

"Shi ke nan, na yafe. Tayar da mota, kada Magariba ta same mu a hanya."

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka daga ƙasar da ba tasa ba. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna da 'yarsa da amininsa juriyar rashinsa. Ni kuma, a cikin waɗanda suka rage min, Ka sa in riƙa tambaya tun suna iya amsawa.